Kafin a biya kuɗin kayan binciken manhaja: wanne ne ke kama kuskuren sunan gurbi?

A ce ɗan kasuwa a Sakkwato yana sayo kaya ta kan iyakar Illela, wani lokaci ya biya da naira, wani lokaci da sefa, kuma ya sa an rubuta masa manhajar lissafin shago. A rumbun bayanan akwai gurbi, wato wurin ajiye bayani guda, mai suna farashi_naira, akwai kuma farashi_sefa. Ranar da mai rubuta manhajar ya sa ɗaya a mazaunin ɗayan, mafassarar da ke juya rubutunsa zuwa harshen na'ura ba za ta ce uffan ba, domin sunayen biyu duk suna nan, kuma duk lamba suke ɗauka. Rasit zai riƙa fita lafiya lau, sai ƙarshen wata a tarar ribar da ke kan allo ta saɓa da kuɗin da ke hannu.

Irin wannan kuskure kashi biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai sayi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. Na farko shi ne a rubuta sunan da babu shi sam. Mu Hausawa muna da ƙarin tarko a nan, domin wani ya rubuta kuɗi da ɗ mai lanƙwasa, abokin aikinsa kuma ya rubuta kudi, na'ura kuwa abu biyu take ganinsu. A cikin harsunan rubuta manhaja, JavaScript ba ta ƙorafi idan aka nemi gurbin da babu, Python kuma takan ƙirƙiro sabon gurbi da gurɓataccen sunan idan aka zuba masa lamba. Ko a COBOL, wadda ta samo asali tun 1959, umarnin MOVE CORRESPONDING yana kwafe gurabun da sunayensu suka dace ne kawai, ya tsallake saura shiru.

Maganin wannan kashi kyauta ne, kuma shi nake ba da shawarar a fara da shi. Mai aiki da Excel ko Access ya sa Option Explicit, umarnin da ke ƙin sunan da ba a bayyana ba, a saman rubutunsa na VBA, harshen rubuta manhaja da ke cikinsu. Mai JavaScript ya koma TypeScript, wato JavaScript mai binciken sunaye, wadda Microsoft ta fitar a 2012. Mai Python yana da manhajar bincike mai suna mypy, mai harshen PHP kuma yana da PHPStan, wadda ake iya farawa daga matakinta na ƙasa a riƙa tsanantawa sannu a hankali, abin da ke da amfani ƙwarai ga tsohuwar manhajar da aka gada a hargitse. Abin da za a kashe shi ne lokacin bayyana wa kayan aikin siffar kowane gurbi, kuma a makon farko ƙorafinsu yakan yi yawa har ya gajiyar da mutum.

Sai na kuɗi. PhpStorm ta kamfanin JetBrains, wadda ake buga rubutun PHP a cikinta, tana ja layi ƙarƙashin sunan da ba ta gane ba tun ana cikin bugawa, tana kuma sauya suna a duk inda ya bayyana a lokaci guda. Aikinta yana da kyau, amma kuɗinta na wata ne ko na shekara, da kuɗin waje ake lissafa shi, kuma lasisin kyauta da ɗalibai ke samu, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, bai halatta aikin kasuwanci ba. Ana iya gwada ta kwana 30 kafin a biya. SonarQube, wata manhajar binciken rubutu, tana da bugun kyauta, sai dai tana son kwamfutar da za ta zauna a kunne, binciken COBOL kuma sai a bugunta na manyan kamfanoni. A ganina ta fi ƙarfin buƙatar mutum ɗaya ko biyu da ke aiki da janareto ko sola.

Kashi na biyu, wato na naira da sefa, ko farashin_saye da farashin_sayarwa, ba kasafai waɗannan kayan ke kama shi ba, domin ba su san kasuwa ba. Nan ne nake ganin kuɗi ya fi cancanta ya tafi. A biya mai rubuta manhajar ladan rubuta gwaje-gwaje, a ɗauko tsofaffin rasit goma daga littafin shago waɗanda aka lissafa da hannu, a sa manhajar ta sake lissafa su duk lokacin da aka taɓa rubutunta. Dole ne lambobin gwajin su bambanta da juna, domin idan farashin saye da na sayarwa duk 100 aka sa, musanya su ba za ta nuna komai ba. A haɗa da rasit mai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da wanda aka yi wa ragi.

Idan da sauran kuɗi, a nemi wani masani daban ya karanta rubutun, domin idon da ya rubuta suna yakan ga abin da ya yi niyyar rubutawa ne. Mai shago kuma, kafin ya biya cikon kuɗin aiki, ya nemi a ba shi jerin sunayen gurabu da ma'anar kowanne a rubuce, a musanya biyu daga ciki a gabansa, ya gani ko gwajin zai tsaya ya nuna kuskure.