Littafin aljanin nan da yarinya mai POS: ga ra'ayina tunda kun dame ni

Masu biyo ni ta bayan fage kuna tambaya ko a biya kuɗin littafin nan ko kar a biya, ga amsa nan a fili kowa ya karanta don na gaji da maimaitawa. Ba sai na kama sunan littafin ko marubuciyar ba, duk wadda ke bin littattafan waya ta san shi, an yi ta yawo da fejin kyauta ɗinsa a Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp har sai da ya gundiri mutane.

Farkonsa dai wallahi ba ƙarya, rabon da littafin Hausa ya ba ni dariya haka har na manta. Ni fa na riga na ƙoshi da labarin aljanu, don kusan duk iri ɗaya ne, aljani ya auri yarinya a mafarki ya hana ta aure, a kai ta wajen mai ruƙiyya a yi ta ihu, ko kuma irin na littattafan yaƙi, ɗan sarkin aljanu da takobin tsafi da tafiyar shekara arba'in. Wannan ko sai ta ɗauko tsohon aljani musulmi mai shekaru ɗaruruwa, kamili mai kunya, ta haɗa shi da fitsararriyar yarinya mai sana'ar POS a bakin titi, wadda ba abin da ta yarda da shi a duniya sai alat. Ranar farko ya zo da tsabar zinare irin na zamanin da wai zai biya kuɗin zance, ta kalle shi sama da ƙasa ta ce malam ɗan damfara ne kai ko, mu nan transfa muke karɓa. Akwai inda ta saya masa balangu don ta ga kamar yunwa yake ji, bawan Allah ya ware tsokar gefe guda ya cinye ƙasusuwan tas yana godiya, ita kuma ta ɗauka tsabar talauci ne ya sa bai saba da nama ba har tausayinsa ya kama ta. Duk wadda ta yi islamiyya ta san ƙashi abincin aljanu ne, shi ya sa wurin ya yi daɗi, marubuciyar ba ta tsaya yi mana bayani ba ta bar mu mu gane da kanmu.

Sai kakar yarinyar, kai wannan tsohuwa! Ita tun ganin farko jikinta ya ba ta, kullum ya zo sai ta turara habbatus sauda tana tofa masa Falaƙi da Nasi ta ƙasan mayafi, shi kuma yana amsawa da amin Hajiya, wata rana ma da ladabi ya gyara mata wani harafi da take ci a Ayatul Kursiyyu. Na yi dariya har mai gidan ya leƙo yana tambayar lafiya. To a nan fejin kyauta suka ƙare, ban yi wata-wata ba na tura kuɗi, kuma na VIP na biya, dubu ɗaya, don an ce su ake fara turo wa kuma ba jira. Na tura shaidar biya aka saka ni a guruf.

Abin da ya ƙona min rai kuwa shi ne maganar takalmi. Tun farko marubuciyar take ja mana rai da shi, mutumin nan duk zafin Kano ba ya cire sau-ciki da safa, kun dai san abin da ake faɗa tun muna yara cewa ƙafar aljani kofato ce. Yarinyar ta sha tsokanarsa a kai yana basarwa. Rannan kaka ta kafe ta ce in dai da gaske neman aure ya zo to ya shigo har ɗakinta ya gaishe ta, kuma ba a taka mata tabarmar salla da takalmi. Guruf ya ɗauki zafi, ana ta kwament, wasu na cewa zai ɓace, wasu na cewa tsohuwa za ta suma, har 'yan Nijar da ba su cika magana ba ranar sai da suka tanka. Aka turo fejin da daddare, na ajiye komai na zauna. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli yarinyar, ya sunkuya ya kama igiyar takalmin... sai kawai na ga an rubuta alhamdulillahi nan muka kawo ƙarshen littafi na ɗaya, mai son na biyu ga lambar asusu.

Fisabilillahi wannan adalci ne? Ba inda aka ce mana littafin kashi-kashi ne, na koma na duba tallan tun daga farko babu. Da muka yi magana sai adimin ta rufe guruf ta yadda su kaɗai ke iya rubutu, aka turo doguwar murya wai rubutu ba sauƙi gare shi ba, wai data ta yi tsada, wai ana fitar wa marubuciyar da littafi ana rabawa kyauta. Wata baiwar Allah da ta ce a ƙalla a rage wa 'yan VIP, cire ta aka yi a gaban idonmu. Ni ba dubu ɗayar ce ta dame ni ba, salon ne, a kai mutum bakin gaɓa sannan a miƙo masa ƙoƙon bara.

Kuma fa ba wai ban san rarraba littafi tsohon abu ba ne. Tun zamanin littattafan kasuwar Kano na takarda haka ake yi, na ɗaya na biyu har na huɗu, amma a bangon za ki ga lamba, kin san me kika saya, in ba ki da kuɗi ki je wajen mai haya ki karanta ki mayar. Yayyenmu haka suka yi ta karatunsu a ɓoye cikin littafin makaranta, har lokacin da gwamnatin Kano ta ƙona littattafan soyayya a 2007 bai sa an daina ba. Maganar tsadar data kuma gaskiyarta ce, tunda aka yi ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa na ji a jikinsa, amma ai mu ma masu karatun da datar muke buɗewa. Masu satar littafi su raba kuwa Allah ya shirye su, ni ban goyi bayansu ba ko kaɗan, mace ta zauna tana taifin da babban yatsa a waya ga girki ga yara, haƙƙinta ne a biya ta. To amma laifin wasu ne za a huce a kanmu da muka biya?

Na biya na biyun dai, ƙaryar fushi nake, ina zan iya barin takalmin nan. Kuma don Allah fejin farko ya yi kyau, ba zan faɗi abin da aka gani ba saboda waɗanda ba su karanta ba, amma abin da kaka ta ce masa bayan ta gani sai da ya sa ni hawaye, daga dariya sai ga mutum yana share ido. A nan na ce to na yafe, kuɗina sun fita. Har wata malama a guruf ta kawo maganar saɓanin malamai kan auren mutum da aljan, cewa an ruwaito Imamu Malik ya ƙi abin ne don kar mace ta zo da ciki ta ce na mijinta aljani ne, aka sha muhawara mai daɗi ranar.

Daga nan kuma labari ya watse. Aljanin da muka so saboda bai san kan duniyarmu ba, wanda ke tsoron hawa adaidaita sahu, kawai sai ga shi da kamfani a Abuja da jerin motoci ana tafiya Dubai sayayyar lefe, ya koma irin attajiran nan masu ɗaure fuska da ke cikin kowane littafi. POS ɗin ma an daina maganarta gaba ɗaya, yarinyar da bakinta ba ya mutuwa ta koma sai kuka da turo baki. Sai aka ɓullo da wata aljana 'yar baffansa da aka yi musu baiko tun suna yara, kishi ya tashi, kuma wai aljanar ce ta tafi wajen boka a yi mata aiki. Aljana fa! Wajen boka! Shi bokan da wa yake aiki in ba da su ba? Na ajiye wayar na yi ta salati.

Ga talla, feji ɗaya sai kin wuce tallan kayan mata da na turaren wuta da na atamfa kafin ki iso labarin, ki karanta layi kaɗan ki sake cin karo da wani. VIP ɗin da aka ce ba jira kuwa, yau a ce ba wuta waya ta mutu, gobe biki, jibi yaro ba lafiya, Allah ya ba shi lafiya amma ƙarshe tare muke samu da 'yan ɗari biyar waɗanda ba VIP ba. Kaka kaɗai ce ta rage nake bi saboda ita, ita ma yanzu sai a yi feji da yawa ba ta fito ba.

In za ku saya ku sayi na ɗaya da fejin farko na na biyu in ana sayar da shi haka, wanda na san ba a yi. Kuma kafin ku tura ko sisi ku tambaye ta a rubuce kashi nawa ne, ku ajiye sikirinshot, don jiya na ga adimin ta fara cewa wai labarin ya yi tsawo ba lallai ya ƙare a na biyu ba.