Gargaɗi ga masu sayen novel ɗin aljanun Turawa: ku kula da mai oda daga Landan ɗin nan

Assalamu alaikum 'yan uwa makaranta. Wallahi na jima ina juya maganar nan a raina, na rubuta na goge ya fi sau uku saboda kunya, to amma jiya da daddare wata ƙanwata ta turo min hoton shafin matar nan tana tambayata wai "Anty kin san ta? gobe zan tura mata kuɗi", nan na ga shirun ya isa haka, in na ci gaba da yin gum to ni ma da hannuna a ciki.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, akwai wasu novel na Turanci da 'yan mata ke hauka a kansu yanzu tun da TikTok ya tallata su, labarin soyayya ne tsakanin 'yar adam da aljanun tatsuniyar Turawa, irin na Ailan da Sikotilan, masu dogon kunne da sarakuna da fada da makirci. Ba irin aljanunmu na ruƙiyya ba ne dai, kar wata ta tsorata. Cikin waɗanda aka fi nema akwai The Cruel Prince na Holly Black da ya fito a 2018, da biyun da suka biyo shi, The Wicked King da The Queen of Nothing, duka a 2019. Sai kuma A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas da ya fara fitowa a 2015. To a Ingila akwai kamfanoni irin su FairyLoot da Illumicrate da ke fitar da bugu na musamman na irin littattafan nan, bango mai kauri, gefen takardu an fesa masa kala ko zane, wani ma har da sa hannun marubuciya, kuma ƙididdigagge ake bugawa, in ya ƙare ya ƙare. Kwaɗayin wannan bugun ne ya kai mu ya baro.

A Instagram na fara ganinta. Shafi tsaf-tsaf, hotuna kamar ka lasa, littattafai jere da kyandir da busassun furanni, ta rubuta wai tana haɗa oda daga Landan duk wata, yayarta ce ke can tana saya mata. Bakinta kuwa zuma, "sis" kaza "habibty" kaza, in kin yi mata magana ƙarfe ɗayan dare ma za ta amsa. Ta ce saitin ukun nan na Holly Black mai feshin gefe dubu 60, a ba da 40 kafin alƙalami, sauran in kaya sun iso, sati uku zuwa huɗu. Ta saka mu a guruf na WhatsApp wanda ita kaɗai ke iya magana, kullum tana zuba sikirinshot na alat da na godiyar kwastomomi, tana cewa saura mutum biyu a rufe oda. Wannan "saura mutum biyu" ɗin sai da ya yi kwana goma yana saura mutum biyu, ni kuma ban lura ba, ko in ce na lura na kau da kai.

Na tura. Sunan da ke akawun ɗin ma na namiji ne, na tambaya ta ce na mijinta ne nata yana da matsala. Na ce to.

Sati huɗu ya zama shida. Sai ga voice note da muryar kuka-kuka wai kwastam sun riƙe kaya a Legas, kowa ya ƙara dubu 8 a fito da su in ba haka ba za a yi gwanjonsu. Kun san halin mutum, in ya riga ya zuba 40 gani yake 8 ba komai ba ce, ai gara a ƙarasa. Na ƙara. Bayan nan kuma kuɗin mota daga Legas, shi ma muka biya.

Abin da ya sa nake kiran matar nan gwana shi ne ba ta gudu nan take ba, ta aiko da kaya! Direba ya kira ni a tasha na je na karɓo ƙunshi cikin baƙar leda an naɗe da salatif, tun daga nauyin na ji gabana ya faɗi. Ina buɗewa na ga bango mai laushi, kalarsa ta dishe kamar an shanya a rana, takarda siririya har kana hango rubutun bayan shafi, gam yana ɓallewa tun buɗawar farko. Gefen da aka ce an fesa kuwa wallahi fenti ne aka goga da hannu, shafuka sun manne da juna, yatsuna duk suka yi baƙi. Taswirar da ke farkon littafin ta zama dusu-dusu ba ka iya karanta sunan wuri ko ɗaya. Bugun sata ne tsagwaronsa, irin wanda ake zubewa a ƙasa a bakin titi, shi ma mai sayarwa a titi ya fi ta gaskiya don shi bai ce maka daga Landan ya zo ba.

Da na yi mata magana kun san me ta ce? Wai "sis ki koma ki duba chat ɗinmu, ni ban taɓa cewa orijinal ba ne, cewa na yi irin na hoton." Na koma na duba, na karanta tun daga sallamar farko, kuma fa haka ne. Ko sau ɗaya ba ta furta kalmar ba. Na tambaye ta a lokacin "na FairyLoot ne?" ta amsa da "kin ga irin aikinsu ai sis". Na ce "akwai sa hannu?" ta ce "wasu na zuwa da shi". Ni ce na dinga cike gurbin da kaina. Abin dariya abin haushi, a littattafan Holly Black ɗin da na biya kuɗin nan dominsu, aljanun ba sa iya yin ƙarya, sai dai su murɗa magana su bar ka ka yaudari kanka, duk wanda ya karanta ya san kashedin da ake yi wa 'yan adam kenan kan ƙulla ciniki da su. Na karanta wannan a waya tun tuni, ina ta yi wa mutanen cikin labari dariya, ashe tawa aljanar tana Instagram tana ce min habibty.

Ni ma kenan da na samu wani abu a hannu. Da muka nemo juna a bayan fage mu tara ne, huɗu aka aiko wa jabun, biyar ko takarda ba su gani ba, suna matsa mata ta yi bulokin ɗinsu ta cire su daga guruf. Dalilin hana kowa magana a guruf ɗin kenan, kar mu haɗa kai mu gane. Mu da aka aiko wa kuma hoton ƙunshinmu a tasha ta ɗora a status wai "Alhamdulillah kaya sun isa lafiya", da mu ake janyo wasu.

Akwai wani ɓangaren da ya fi ɓata min rai fiye da kuɗin. Wata baiwar Allah cikinmu 'yarta mai shekara 14 ta saya wa, don yarinyar na son karatun Turanci, matar nan ta ce mata ai saitin Sarah J. Maas "na yara 'yan sakandare ne". Jama'a ba haka ba ne. Littattafan nan akwai wuraren kwanciya a fili a cikinsu, tun daga na biyu abin ke ƙaruwa, kamfanin Bloomsbury da ke buga su ma a 2020 ya sake musu bango ya mayar da su sahun na manya, na biyar ɗin kuwa, A Court of Silver Flames na 2021, dama can na manya ne. Wannan karon dai ƙaryar ta fito fili ba murɗiya. Iyaye da yayye don Allah ku dinga bincika sunan littafi kafin ku miƙa wa yarinya, ganin fure da kambun sarauta a bango ba ya nufin tatsuniyar gizo da ƙoƙi ce.

Daga baya wata cikinmu ta saka hotunan shafin a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sai ga su duk na wasu Turawa ne masu ɗora hoton littattafansu, har da wanda ake hango dusar ƙanƙara ta taga. Hannun da ke riƙe da littafin ma yau fari gobe wankan tarwaɗa, mu dai ido ya rufe. Minti biyu wannan binciken ke ɗauka. Kuma in mutum ya ce miki bugu na musamman zai kawo, ki ce ya yi miki bidiyo yana buɗa littafin yana faɗin sunanki da ranar, ya nuna shafin da ke ɗauke da sunan kamfanin bugawa da lambar shaidar littafi ta ISBN mai lamba 13, ko ya nuna imel ɗin odar da ya yi, don su kamfanonin nan a shafinsu na intanet suke sayarwa. Ki kuma shiga ki ga farashinsu da fam, ki lissafa da canjin yau ki ɗora kuɗin jirgi, da na yi wannan lissafin da tun ranar farko na san dubu 60 ba za ta kawo uku ba. In akawun bai yi daidai da sunan mai shafi ba, ki tsaya. In aka ce a ƙara na kwastam bayan an gama ciniki, kar ki ƙara ko sisi.

Ba zan saka sunanta ko lambarta a nan ba, an ba mu shawarar mu bi ta hanyar da ta dace, kowa ta kai ƙorafi bankinta da rasit da sikirinshot, kuma mun haɗa takarda ɗaya za mu kai wa hukuma. Sunan ma ba zai amfane ku ba don tun da muka fara magana ta canza shi sau biyu, hotunan ne dai ba ta canza ba, da "saura mutum biyu". Duk wadda ta san ta faɗa hannunta ta yi min magana ta inbox mu saka ta a lissafi, kar ki goge chat ɗin komai haushin da kike ji, shi ne hujjarki.

Littafin farkon ma na daure na fara karantawa don kar kuɗina su tafi a banza, ina cikin daɗin labari sai na ga daga shafi na 176 an yi tsalle zuwa 209.