Gidan Tarihin Jos: abin da malami zai sani kafin ya kai ɗalibai

Idan ana so yara su gane yadda ake tono tarihi daga ƙasa, da wuya a samu wurin da ya kai Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Jos. An buɗe shi a 1952 ta hannun Bernard Fagg, Baturen Ingila, kuma haƙar kuza ce silar kafuwarsa. A 1928 masu haƙa suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a Nok, cikin ƙasar Jaba ta jihar Kaduna a yau. A farkon shekarun 1940 aka kai wa Fagg wani kan daga Jema'a, wanda wani ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Kamanninsu ne suka nuna masa aikin al'umma guda ne.

Kayan Nok, wato irin waɗannan kawunan yumɓun, su ne ƙashin bayan ziyarar, a nan ya kamata a daɗe. A sa yara su dubi idon: mai kusurwa uku ne, an huda ƙwayarsa, haka ma hanci da baki. Cikin kan rami ne, domin da nannaɗen yumɓu aka gina shi kamar tukunya, kuma hudojin suna barin tururi ya fita lokacin gashi, in ba haka ba sai ya tsage. Kaushin jikinsa ba sakacin magini ba ne, shafen da aka yi masa ne ruwa da ƙasa suka cinye cikin shekaru sama da 2,000.

Kaya a bayan gilashi ba sa magana, shi ya sa mai rakiya yake da muhimmanci. A roƙe shi ya yi bayanin Taruga, wani wurin da aka samu kayan Nok, inda aka tono murhun narkar da tama, da kuma dalilin da ya sa kan da ɓarayi suka haƙo yake rasa rabin amfaninsa: gawayin da ke kusa da shi, wanda da shi ake auna shekaru, an watsar.

Inda ziyara take lalacewa sananne ne. A kwaso aji uku a mota ɗaya, na gaba su gani, na baya su yi ta surutu. A raba su 15-15, kowa da takarda da fensir, ya zana kai guda. A sanar da ma'aikata tun kafin ranar, a tambayi kuɗin shiga da ƙa'idar ɗaukar hoto.

Gidan namun daji yana maƙwabtaka, a bar shi ƙarshe, don da zarar yara sun ga biri an gama da Nok. Kafin nan a zaga sashen gine-ginen gargajiya, mai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina na asalinsa. A fili yake, saboda haka rani ya fi, amma a sa yara su zo da rigar sanyi.