Na yi odar jar Ferrari, aka kawo mini shuɗiya da fari

Wata biyu da kwana tara na yi ina jiran kayan nan. Ƙaramar mota ce da ƙaramin babur na ƙarfe, irin waɗanda ake jerawa a kabad ɗin falo: babur MV Agusta da mota Ferrari 158 na ɗan tsere John Surtees. Gyaran babur ce sana'ata, shi ya sa Baturen Ingilan nan ya kwanta mini a rai. Sau 7 ya ɗauki kambun duniya a kan babur, huɗu a ajin 500cc (1956, 1958, 1959, 1960), uku a 350cc. Daga nan ya jingine babur ya shiga mota, ya ci Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, a 1964. Har yau ba a sake samun wanda ya haɗa biyun ba.

Ina buɗe kwali sai ga mota shuɗiya da fari. Ferrari fa! Ko yaron da ke wanke mini sifana ya san Ferrari ja ce. Nan take na tura wa mai kayan saƙon murya har uku, na ƙarshen da "ku ji tsoron Allah" na rufe shi. Amsar da ya ba ni kawai: "Oga, haka ta zo."

Bayan Magariba ƙanena ya shigo, shi da ba ya barin tseren mota ya wuce shi. Ya ɗauke ta, ya juya ta a tafin hannu, sai ya fashe da dariya.

"Yaya, ka ci riba kana faɗa. Ai wannan ita ce ta Meziko."

Ashe a ƙarshen 1964 Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya yi fushi da hukumar tseren motoci ta Italiya kan rajistar motarsa 250 LM, ya ce motocinsa sun bar sa jan Italiya. Tsere biyun ƙarshe, Amurka da Meziko, da sunan ƙungiyar NART ta dillalinsa na Amurka, Luigi Chinetti, suka shiga, cikin fari da shuɗi. Kuma a Mezikon aka raba gardama. Mutum uku ke neman kambu ranar: Graham Hill, Jim Clark da Surtees. Lorenzo Bandini, abokin Surtees a Ferrari, ya gogi Hill ta baya, motar Hill ta samu matsala. Clark ya ja gaba tun farko, kambu kamar ya shiga aljihunsa, sai mai ya tsiyaye masa, inji ya mutu a zagayen ƙarshe. Bandini ya sassauta ya bar Surtees ya wuce na biyu a bayan Dan Gurney. Maki 40 da 39. Da maki ɗaya tak ya doke Hill, kuma a cikin wannan kalar da na gama zagi.

Kunya ta kama ni. Na kira mai kayan na ba shi haƙuri, har na ce masa taurari biyar zan ba shi. Motar kuwa ta yi kyau, ba ƙarya: tayoyin roba ne na gaske, sitiyari na juya na gaba, injin V8 ɗin a bayyane a baya, tana da nauyi a hannu.

Sai washegari da safe na zauna na duba babur da kyau, wanda rigimar fenti ta mantar da ni. MV ɗin Surtees silinda huɗu gare shi, salansa huɗu, biyu kowane gefe. Nawa uku ne. Ramin na huɗun na nan, na zazzage kwalin har ƙasa, babu. Hannun birki kuma a karye ya zo, an liƙe shi da gam, gam ɗin ma ya zubo a kan tanki ya bushe. Wannan ba aikin hanya ba ne, wani ya gani ya liƙe ya rufe kwali. A ce ni da nake ɗaura salansa kullum a kawo mini babur mai salansa uku!

Na tura hoto. "Oga, ba zai nuna ba idan ka juya shi ta ɗaya gefen." Wallahi haka ya rubuto. Da na tuna kuɗin jirgi da ya ƙara mini a tsakiyar hanya, wanda ba mu yi da shi ba, sai haƙurin da na ba shi ya fara yi mini ciwo.

Taurari uku, kuma motar ce ta ci su. Tana kabad, babur yana cikin kwalinsa. Ya ce zai aiko salansar a kaya na gaba. Yau sati uku.