Manhajar juya awo ta ɗauki semolina kamar fulawa

Tauraro biyu na ba wannan manhajar, kuma a kan semolina musamman ta rasa sauran. Na sauke ta a waya ne saboda ba ni da sikelin kicin, ga shi yawancin bayanan girki da giram suke zuwa. Aikinta ke nan, a rubuta mata nauyi ta faɗi kofi nawa ne.

Kek ɗin semolina zan yi wa baƙi, bayanin ya ce giram 500. Na zaɓi semolina a jerin kayan da ke cikinta, na rubuta 500, ta ce kofi 4. Na auna 4 cif, kowanne na shafe bakinsa. Tun a kwaɓi na ga alamar matsala, domin garin ya shanye madarar tas, ya yi tauri har cokali na tsayawa a ciki. Na ƙara madara, zaƙin ya ragu, man ya yi kaɗan, kek ya fito a daskare yana marmashewa. Wallahi raina ya ɓaci sosai, kaya masu kyau na zuba, lokaci kuma ya riga ya ƙure.

Daga baya na ari sikeli na ɗora kofi 4 na wannan garin. Kusan giram 670! Ashe kofi guda na semolina yana kai giram 167 ko kusa da haka, saboda ɓarzajjiyar alkama mai tauri ce da ake kira durum, ta fi fulawa nauyi a kofi. Fulawa kuwa giram 120 zuwa 125 take. To a lissafa 125 sau 4, ai 500 ne daidai. Wato lambar fulawa masu manhajar suka liƙa wa semolina suka canza suna kawai. Amsar gaskiya kofi 3 ce, ni kuma an sa na zuba ƙarin kofi guda cur. Da ba su saka semolina a jerin ba ma da ya fi, sai mutum ya nemi amsa a wani wuri.

Don kada in zalunce ta, da sikelin na hannuna na gwada sauran. Sukari ta ce giram 200 a kofi, haka na samu. Ruwa da madara ba kuskure. Tana buɗewa da sauri, tana aiki ko babu intanet. Har na fara tunanin in ƙara mata tauraro in ce kuskure ɗaya ne.

Sai na duba wane kofi take nufi, ban ga inda ta faɗa ba. Kofin Amurka wajen mililita 240 ne, na Ostireliya 250, na Japan 200. Babban cokali ma mililita 15 ne a yawancin wurare, a Ostireliya 20. Manhajar da aikinta awo ne a ce ba ta da wurin zaɓar wannan? A kofi guda bambancin 240 da 250 ba zai dami kowa ba, amma in girkin taro ne yana taruwa. Sannan semolina akwai mai laushi akwai mai tsaki-tsaki, ba sa zama iri ɗaya a kofi, ita kuwa suna guda ta ba su. Ba ta kuma ce a shafe baki ko a bar tsororo ba, ko a danna garin ko a zuba shi sakayau.

Na tura musu saƙo har da hoton sikelin, shiru. Na sake dubawa bayan sun sabunta ta, har yanzu kofi 4 take cewa. Wannan ya fi kuskuren farko ci mini rai, domin wani zai sake zubar da kayansa kamar yadda na zubar.

Mai auna ruwa da sukari zai iya amfani da ita. In semolina ce, a ɗauki kofi 3 a giram 500, ko a sayi sikeli a huta. Ni dai na goge ta daga wayata.