Sifika mai taya ta inci 15: wat 5,000 a jikin kwali, nawa ne a kunne?

Akwatunan sifika masu taya da batir a ciki sun cika shagunan kayan lantarki a Kasuwar Gumi da bakin titin Ahmadu Bello a Kaduna. Makarantun Islamiyya na sayensu don saukar karatu, masu suna da walima na karɓar haya, masu tallan magani kuma na ɗora su a baro. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai inci 15, mai makirfo biyu marasa waya, da Bluetooth, da wurin saka filashi. Sunan da ke jiki yana bambanta daga shago zuwa shago, amma kayan ciki kusan iri ɗaya ne.

Lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali, wat 3,000 ko 5,000, ba abin dogaro ba ce. In ka kwance murfin baya, abin da ka fi tararwa shi ne batir mai bolt 12 da amfiya 7, irin na UPS ɗin kwamfuta. Duk wutar da yake iya riƙewa, idan aka jawo wat 5,000 daga gare shi, minti ɗaya za ta yi ta ƙare. Tunda akwatin yana yin awanni yana aiki, ka san ainihin ƙarfinsa bai wuce 'yan gomomin wat ba.

Wannan bai sa ta zama banza ba, domin kunne ba ya ƙirga wat. Ninka ƙarfin amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi) sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), bambancin da mutum zai ji amma ba zai ce an yi wani abin a zo a gani ba. Kafin yawancin mutane su ce ƙarar ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wutar ta ninka sau goma. Shi ya sa wanda ya ajiye akwati biyu a jere yake mamakin yadda bai ji ninki ba. Gara ya kai na biyun tsakiyar taro, saboda a fili nisa ne ke cinye sauti: duk sanda tazara ta ninka, desibel 6 sun tafi. In akwai 105 a mita ɗaya, a mita 2 saura 99, a mita 8 saura 87, a mita 32 kuma 75. Na gaba kunnensu na zogi, na baya suna cewa a ƙara.

Wajen magana, akwatin yana da kyau. Kunnen mutum ya fi kama sautin da ke karkaɗawa sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, kuma a wannan yankin ne baƙaƙe da yawa na magana suke fita sarai. Tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke sama mai fitar da siririn sauti, tana turo wannan yanki sosai, don haka muryar malami ko ta sanƙira tana ratsa taro ko da ba a murɗa maɓalli ya kai ƙarshe ba. Wajen kiɗa ne take gazawa. Bes, wato sauti mai kauri, na buƙatar wuta mai yawa kafin kunne ya ji shi daidai da murya, kuma in an rage ƙara shi ne yake fara ɓacewa. Masu bincike biyu, Fletcher da Munson, sun auna wannan tun 1933 a Amurka. Masu haɗa akwatin sun sani, sai suka kumbura bes ɗin daga masana'anta. A cikin shago mai bango ta ko'ina yana dukan ƙirji, a ƙofar gida a Rigasa ko Tudun Wada kuwa sai ya zama iska.

Mai shago zai jera maka biyu, ya ɗan ƙara wa wadda yake so ka saya. Ƙaramin bambanci ya isa kunne ya yanke hukunci cewa mai ƙarar ita ce mai daɗi. Ka je da waƙarka ko karatunka a filashi, ka mayar da maɓallan bes da tirebul (siririn sauti) tsakiya, ka kashe eko (amsa-kuwwa). Sauke manhajar auna desibel a waya, ka tsaya mita biyu daga kowace, ka daidaita su har lambar ta zo ɗaya, sannan ka saurara. Lambar waya ba daidai take ɗari bisa ɗari ba, amma ta isa kwatanta akwati biyu. Daga nan ka sa a zare wayar wuta, a gwada da batir kaɗai. Wasu suna raguwa nan take.

Inda ta fi lalacewa shi ne ƙarshen taro. Batir ya yi sanyi, amfilifaya ta kasa cika saƙon da aka ba ta, sai ta datse kan sautin, ya fito da kaushi da tsatsa. Kunne yana ɗaukar wannan kaushin a matsayin ƙara, ga shi kuma ya riga ya gaji bayan awa biyu ko uku, sai mai kula da kaya ya ƙara murɗawa. A haka tuwita ke ƙonewa. Da zarar murya ta fara yagewa, rage ake yi a jona wuta. Batirin ma ba ya son a bar shi ya mutu murus, ko a ajiye shi a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu. A caja shi a ranar da aka dawo da shi.

A ƙasan yawancin akwatunan akwai rami mai faɗin milimita 35 na ƙafar tsayarwa. A saya ƙafar tare da ita. In akwatin na ƙasa, jikin mutanen sahun farko ne ke shanye siririn sautin, kuma yara, waɗanda su ne ke rige-rigen zama gaba, kunnensu yana daidai bakin tuwita. Iyakar ƙarar da hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa don kare kunne ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A 100, minti 15 ne. A ɗaga ta sama da kan mutane, mai makirfo ya tsaya bayanta don kada ta yi kuka, sahun farko ya ja baya aƙalla mita 4.

Don ajin Islamiyya, taron unguwa ko walimar tsakar gida, ta biya kuɗinta. Don kamu ko dina a babban fili, a nemi masu hayar kayan sauti da janareta.