Yaya, Na Gyara Injin Gem Ɗan 1982 a Chicago

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da su Hajiya da yaran shago gaba ɗaya. Mu nan sanyi ya fara shigowa, amma alhamdu lillahi.

Wani aiki na yi makon jiya, tun daga farkonsa har ƙarshe kai nake tunawa. Maƙwabcina wani dattijon Bature yana da injin gem irin na da, wanda ake jefa masa silalla, a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Akwatin katako ne ya kusa kai tsayin mutum, sunansa Ms. Pac-Man, kamfanin Midway na yankin Chicago ɗin nan ya fito da shi a 1982. Idan an kunna sai ka ji sauti na tashi lafiya lau, amma hoton ya tattare ya koma siririn layi guda mai haske, daga sama zuwa ƙasa.

Ya ce duk shagon da ya kira sai su ce ba sa taɓa talabijin mai ƙeya. Mutum ɗaya ya samu mai yi, shi ma a nesa, sai an jira shi makonni, kuma zuwansa kaɗai kuɗi ne kafin ya kwance ko da noti ɗaya. Wani ya ba shi shawara ya cire ya sa filasma. Dattijon ya ƙi, kuma ina bayansa, domin hasken gilashin nan da launinsa daban ne.

Da na buɗe bayan akwatin sai na ji kamar ina shagonmu a Sabon Gari: ƙura, ƙaurin tsohuwar waya, filaibak, taransifomar nan mai ba gilashin hoto babbar wuta, zaune a gefe. Allon inci 19 ne, ƙirar Electrohome G07 ta Kanada. Layin ya ɗan ruɗe ni da farko, don mun saba ganinsa a kwance idan batikal, sashen da ke buɗe hoto sama da ƙasa, ya mutu. Ashe a kishingiɗe aka ɗaura gilashin saboda filin wasan dogo ne, shi ya sa layin ya miƙe tsaye. Ciwon dai wanda ka sani ne.

Ban manta da koyarwarka ba. Na zare wuta, na ɗaure waya a sukundireba na haɗa da ƙarfen jikin allon, na zura ƙarƙashin robar nan da ke manne a bayan gilashin har ta yi ƙas, sannan na sa hannu. Wajen bolt 20,000 ke shiga wurin, kuma yana riƙe wuta bayan an kashe. Wani abin lura: wannan allon ba a jona shi kai tsaye a bango, sai ta taransifomarsa da ke ƙasan akwatin, in ba haka ba ya ƙone ko ya ja mutum.

Na juya fanel, faifan da kayan wutar ke liƙe a kai, na ga dalma ta tsattsage a ƙafafun taransistocin batikal, ga resista guda ta yanke. Kafasitoci kuwa sun haura shekara 40, wasu sun bushe.

A nan ne na ga inda mutanen ƙasar nan suka fi mu. Zanen fanel ɗin gaba ɗaya yana intanet kyauta, kowace resista da lambarta. Kafasitocin wannan ƙirar kuma an haɗa su a leda guda da takardar da ke nuna mazaunin kowacce. Na yi oda, cikin kwana kaɗan suka iso bakin ƙofa, sababbi, ba jabu. Na tuna yadda muke zazzage buhun matattun fanel muna neman ciro, ko mu sayi sabo ya fashe ranar da aka sa shi. Ga wuta tsaye cak, ba ka tsoron a ɗauke kana tsakiyar liƙi. Amma hannun da zai yi aikin shi ne babu. Abin da yaron shagonka zai gama kafin azahar, a nan ya zama sana'ar tsiraru, yawancinsu masu furfura.

Na sauya kayan, na bi da sabuwar dalma, na saita wutar fanel a kan bolt 120 da mita. Hoto ya buɗe. Saura wani shuɗi-shuɗi a kusurwa, na goge shi da nannaɗaɗɗiyar wayar cire maganaɗisu. Abin da ba ya gyaruwa shi ne inuwar filin wasan da ta ƙone a jikin gilashin, ko a kashe kana ganinta.

Maganinta sai wani gilashin, kuma an daina ƙera su. Masu sha'awar injinan nan tsoffin talabijin inci 19 suke farauta su ciro nasu. A jihar Illinois tun 2012 doka ta hana zubar da talabijin a shara, gilashin ma akwai dalma a cikinsa, sau da yawa har biya kake a karɓa. Don haka waɗanda ke jibge a bayan shago, masu lafiyayyen gilashi, don Allah kada ka bari 'yan gwangwan su farfasa su saboda ɗan jan ƙarfen ciki. Ka duba lambar da ke manne a jikin kowanne ka turo mini ta WhatsApp, in gwada da na dattijon.

Zan aiko maka da mita sabuwa da dalma mai kyau ta hannun mai zuwa gida. Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a.

Ƙaninka.